Dutsen Ranar Tafiya

Jiddat Harasis, kudu da Haima,
cikin watan Sha'aban.

Ɗana Musallam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na bariki. Yaya zafin Maskat? An ce can gumi ba ya bushewa a jikin mutum. Ka riƙa shan ruwa ko ba ka jin ƙishi, kada kuma ka kwanta gaban na'urar sanyin nan da jiƙaƙƙen kai. Idan ka tambayi lafiyata, alhamdu lillahi, ina ci ina sha.

Kada ka yi dariyar layukan nan da suke gangarawa kamar za su faɗo daga takarda. Hannun nan ya yi shekara arba'in yana tatsar taguwa kafin ya riƙe alƙalami, kuma kai ka matsa mini in shiga ajin mata na Haima. To ga amfaninsa: ba sai na zauna gaban wani ya rubuta mini abin da ke cikina ba.

Yau wata ɗaya da 'yan kwanaki ke nan da rasuwar babanka, Allah ya ji ƙansa. Ina nan cikin tanti ina takaba. An yi ruwa wajen Wadi Raunab, mutane duk sun kwashe sun bi ciyawa. Tanti biyu suka rage, nawa da na gwaggonka Samna da mijinta Shamis. Shamis ke kiwon raƙumanmu tare da nasa. Litinin da Alhamis Zahir yana kawo ruwa da tanka. Sai ya tsaya bayan tanti ya yi gyaran murya, in tura masa takarda ta ƙarƙashin labule, shi kuma ya ba surukinsa mai tuƙa bas. Ban da su ba na jin muryar kowa. Da rana iska, da asuba raɓa tana ɗiga daga rufin tanti.

Samna tana nan yadda ka san ta. Jiya ta shigo da nono ta same ni da littafi, ta ce, "Sannu Malama! A rubuta wa hadari takarda mana, ko ya biyo ta nan." Na ce mata ita ko sunanta aka rubuta mata a goshin taguwa, cewa za ta yi ƙuda ne. Ta yi dariya, sannan ta tuna yayanta, ta fita da sauri.

Ga abin da ya sa na rubuto. Da ka zo zaman makoki ka kwana uku, ka tafi ba ka faɗi kwanakinka ba. Musallam, a gidan nan ba wanda ya taɓa sa ƙafa ya fita bai faɗi kwanakinsa ba. Ka tuna? Babanka zai ɗaura salka a jikin raƙumi, ya waiwayo ya ce "riba," mu san kwana huɗu ne, ko ya ce "shiba," mu san bakwai ne, domin iyakar ruwan da ya ɗauka ke nan. Ni da kai sai mu jera duwatsu a gindin sandar tanti, kowace safiya ɗaya, kai ke ajiyewa kana kiran sunan ranar. Kana ɗan shekara biyar ka taɓa ce masa "hoba," irin bakwai ɗin da ake ƙirga awaki da shi. Ya kama kunnenka ya ce, "Kwana ba akuya ba ne, ɗan nema, yana da nasa sunan." Ka yi kuka, ya ba ka dabino.

Takabata wata huɗu ce da kwana goma. Ba ni da wani ɗa sai kai. Ina so ranar da zan fita kai ka kama hannuna ka fitar da ni. Ka nemi izinin manyanka tun yanzu. Kalma ɗaya ma ka aiko, ta ishe ni.

Ka gaida duk wanda ya tambaye ni. Allah ya tsare ka.

Mahaifiyarka,
Gubaisha bint Sugayyir.

*

Kwana huɗu bayan ƙaramar Salla.

Ɗana Musallam,

Sallama irin ta addini a gare ka. Barka da Salla, Allah ya karɓi azuminmu. Ina fatan ka sha ruwa lafiya. Da me kuke buɗe baki a bariki? Akwai dabino mai kyau, ko irin busasshen nan ne? Ciwon cikin nan naka na azumi bai taso ba?

Zahir ya tabbatar mini takardata ta shiga hannunka. Surukinsa ya ba ka ita a ƙofar bariki, ka sa a aljihu ba ka buɗe ba. Na ce ai soja ne, ba a barin su su yi rubutu lokacin da suke so. Haka na gaya wa Samna ma. Ta dube ni, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Ranar Salla na daka gahawa tun da safe, na fito da finjali uku. Sai da na jera su na ga abin da na yi. Shamis ya tafi Haima sallar Idi, na roƙe shi ya leƙa inda bas ke tsayawa. Da la'asar ya dawo da halawa, ya tsaya bayan labule ya ce, "Ummu Musallam, bas biyu na jira." Ban ƙara tambayarsa komai ba.

Sabha, taguwar hawan babanka, har yanzu ba ta yarda kowa ya hau ta. Kowace yamma sai ta bar garke ta zo ta durƙusa inda yake sauke mata sirdi, ta yi ta jira. Samna ba ta son ganinta, ta ce ita ta yar mata da ɗan'uwa, a kai ta kasuwa. Na hana. Dabba ta taka rami ta firgita, meye laifinta? Ina miƙa mata busasshen kifi ta ƙarƙashin labule, tana ci a hannuna.

Zaman takaba zaman ƙirga ne, ɗana. Kuma ka san ƙirgen kwanaki na harshenmu a goma yake tsayawa. Daga nan sai mu ari na Larabawa. Babanka yakan ce mutumin kirki ba ya wuce kwana goma bai waiwayi gida ba, shi ya sa kakanninmu ba su wahalar da kansu wajen raɗa wa na sha ɗaya suna ba. Wasa yake yi, amma bai taɓa wuce goman ba. Yanzu ga ni da kwana ɗari da talatin a gabana da bayana, ba ni da sunayensu a harshen uwata. Sai in ƙirga goma, in ƙulla igiya, in koma farko. Igiyar ta yi ƙulli tara.

Na tuna ranar da malamarmu Badriya, 'yar Nizwa, ta ce mu koya mata yadda muke ƙirga. Ta iya ɗaya da biyu. Da ta zo uku, wurin sautin nan da ke fita ta gefen baki, sai ta fesa wa littafin sunaye yawu. Duk aji muka kwanta da dariya, har ita. Ta ce baƙaƙen Larabci ba su da wannan, sai dai mu riƙe shi a baki. Yarinyar kirki ce, Allah ya saka mata. Duk abin da ta koya mini daidai ta koya mini.

Kalandar da ka aiko mini bara, mai hoton jiragen ruwa, na cire ta na sa a ƙasan akwati. Na ga ka tsaya a gabanta ranar da za ka koma. Ka daɗe a tsaye, leɓenka yana motsi. Ban tambaye ka ba, kai ma ba ka tambaye ni ba.

Idan fushi kake yi, ka rubuto fushin. Zan karanta shi ko da a hankali ne.

Samna da Shamis suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Gubaisha.

*

Litinin, farkon kwana goman ƙarshe.

Ɗana Musallam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya, jikinka da aikinka. Ni lafiya nake. Ka yi haƙuri, yau gaisuwar ba za ta yi tsawo ba, Zahir yana zuba ruwa a wajen Samna, ina so ya tafi da wannan.

Wata huɗu sun cika jiya. Takarda biyu na aiko maka ina zagaye maganar nan. Yau zan faɗe ta.

Ranar Asabar babanka ya tafi bin sawun taguwar nan mai ciki da ta ɓace. Ya ɗaura salka a jikin Sabha, ya waiwayo ya ce, "Shiba." Sai ya gan ni da alƙalami a gaban kalandarka. Ya ce, "Yau takarda ce za ta jira ni, ba dutse ba?" Na ce masa dutse na jahilai ne. Wallahi da wasa na faɗa. Ya yi dariya har rawaninsa ya goce, ya ce, "To Malama, a dai tuna da jahilin." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Malama ta koya mana kwana bakwai mako guda ne: ka sa yatsa a kan Asabar, ka sauko gida ɗaya, ga wata Asabar. Haka na yi. Na zagaye Asabar ta gaba da jan alƙalami, ina jin daɗin kaina. Ban ajiye dutse ko ɗaya ba.

Kai ka san abin da na manta. Ranar da mutum ya tafi ya sha daga salkarsa, saboda haka tana da dutsenta. Asabar ce ta fari, Juma'a ce ta bakwai. Idan ranar Juma'a ta faɗi bai dawo ba, asubar Asabar motoci ke fita. Kafin nan kuwa ba a aika wa namiji masu nema, sai a mai da shi abin dariya a majalisa har ya mutu. Shekara talatin ina yin wannan ƙirgen ban taɓa kuskure ba, tun ban san alif ba.

Yammacin Juma'a Samna ta zo ta ce, "Ke, yau ba shiba ba ce?" Sai na ja ta gaban kalanda na nuna mata jan zagayen, na ce, "Gobe ne. Ga shi a rubuce." Samna da ba mai rufe mata baki, sai ta tsaya tana kallon takardar kamar ta ga alƙali. Ta ce, "To, ku kuka sani." Ta gaya wa Shamis, shi ma ya ce tunda a rubuce yake, shi ke nan.

Asubar Lahadi motoci suka fita. Kafin azahar suka same shi a gindin ƙaya, cinyarsa a karye, salka a matse kamar tsumma. Jikinsa ko sandarewa bai yi ba. Maza suka binne shi a can, suka dawo suka ce mini kwanansa ne ya ƙare. Iyakar abin da suka gaya mini ke nan, iyakar abin da suka gaya maka.

Makon jiya muka yi cacar baki da Samna a kan Sabha. Na sake ce mata dabba ba ta da laifi. Sai ta ce, "Eh, ba ta da shi! Takwas Shamis ya tarar a jere a gefensa. Takwas, Malama!" Ta toshe bakinta da hannu, amma ta riga ta fita.

Duwatsu yake jerawa, Musallam. Yana kwance da karyayyar ƙafa yana janyo su da sandarsa, kowace safiya ɗaya. Ya san ni. Ya raba ruwansa ya kai shi safiyar Asabar, domin ya san ranar Asabar za a zo. Ya ajiye na takwas ya yini yana sauraron ƙarar mota. Ni kuwa ina nan ina dafa shinkafar tarbarsa.

Washegari Samna ta shigo idonta a kumbure, ta dire ƙwarya a gabana ta ce, "Ni ma ina da baki ranar nan, ban yi amfani da shi ba. Sha nonon nan kafin in juye miki a ka." Na sha. Ba mu sake tayar da maganar ba.

Na san ajali ba ya jira, ba ya gaggawa. Na yarda da wannan, ina faɗa wa kaina bayan kowace salla. Amma yatsana ne ya sauko gidan nan ɗaya.

Na san ka ƙirga a kalandar ka gane. Idan ba za ka iya kallon fuskata ba, ba zan ga laifinka ba, babanka ne. Zan ɗaga labulen da kaina in fita. Abu ɗaya nake roƙo, ka gaya mini. Jiran wanda bai faɗi kwanakinsa ba ya fi ƙarfina.

Yau da safe na ajiye dutsen farko a gindin sanda. Yau ma tana da nata.

Ka yafe mini idan za ka iya. Allah ya tsare ka duk inda kake.

Mahaifiyarka,
Gubaisha.

*

Laraba, rana ta goma.

Ɗana Musallam,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya, ina fatan ka karya kafin ka hau hanya, ina fatan ba kujerar baya ka samu ba, wadda ke sa ka amai. Wannan takardar ba zan ba Zahir ba. A hannunka zan sa ta. Ina rubutawa ne domin hannuna ya samu abin yi.

Ranar Alhamis Zahir ya yi gyaran murya ya ce, "Ummu Musallam, yau da kyar tankata ta hau tudu, akwai abin da ya fi ruwa nauyi a ciki. Tukwicina ɗan taguwa ne, ba ragi." Na ce ya turo ko in aiko masa da Samna. Ya ce, "A'a, a yi haƙuri, ga ta."

Layi uku ka rubuto. Na karanta su har na haddace: "Umma, ni na aiko da kalandar, ni na ce ki rabu da duwatsu. Wata huɗu ke nan ina jin kunyar haɗa ido da ke. Shiba, ki sa dutsen ranar da takardar nan ta shiga hannunki."

Kai yaron nan! Ashe abin da ka tsaya kana ƙirgawa ke nan. Kana can kana riƙe da shi, ina nan ina riƙe da shi, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa fuska. Ka aiko wa uwarka kyauta ne mai hoton jirage, ba ka yi komai ba. Idan ka iso zan kama kunnen nan naka, wanda babanka ya fara kamawa.

Ba zan ɓoye maka ba, da idona ya faɗa kan kalmar shiba sai na ji muryar babanka. Ita ce ya faɗa ranar da ya tafi. Na kira Samna muka ƙirga tare, ni da duwatsu ita da yatsu. Alhamis rana ta huɗu ce a jeren takabata, ta fari a jerenka. Sau uku muka bi su, duk a yau suka haɗu. Samna ta ce, "Ɗan yayana bai manta ƙirge ba, barikin bai gama cinye shi ba." Sannan ta ce in ɗauko kalandar mu duba ita ma, ai ba cizo take yi ba. Na ɗauko. Na fara daga ranar da kanta, gida gida, ban yi tsalle ba. Ita ma Laraba ta ce.

Da yammacin Alhamis ɗin Shamis ya turo wani ƙullin rawani ta ƙarƙashin labule, na ji takunsa yana tafiya. Duwatsun babanka ne. Tun ranar ya kwaso su ya ɓoye a ƙarƙashin kujerar motarsa. Ƙanana ne, farare, ba wanda ya kai ƙwan kaza. Da su nake jera maka. Yau da asuba na ajiye na bakwai, na kira sunan ranar da ƙarfi yadda kake yi kana yaro.

Na takwas yana cikin hannuna na hagu yanzu haka. Wannan ba zai taɓa ƙasa ba. Na sa Shamis ya cika motarsa da mai tun jiya, ya juya hancinta wajen Haima. Yana ta ƙunƙuni wai a bas za ka zo ba a taguwa ba, wai sojoji za su yi maka dariya idan aka ji uwarka ta fito nemanka. Su yi. Rana tana taɓa ƙasa ba ka iso ba, ba asubar da zan jira.

Na share tanti. Rigar fita tana ninke a kan akwati, Samna ta turara ta da lubban har sai da na yi tari. Na daka gahawa, finjali biyu na fitar, da sanina. Sabha ta zo ta durƙusa tun hantsi, ban san me ta ji ba.

Samna tana ƙwala mini kira daga waje, wai ta hango ƙura ta wajen Haima. Ta ce kada in yi rawar jiki, wataƙila tankar Zahir ce.

Yau ba ranar ruwa ba ce.

Mahaifiyarka mai jiranka,
Gubaisha bint Sugayyir.